A AMSA WA MASU KOYON TURANCI TAMBAYOYINSU DA HAUSA

Duk shekara idan lokacin jarrabawar fita daga makarantun sakandare ya gabato, babu darasin da yake hana ɗalibai barci a Jega da Aliero da Maiyama kamar Turanci. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Yaro ko ya ci lissafi da kimiyya da sauran darussa gaba ɗaya, muddin bai sami sakamako mai kyau a Turanci ba, to ƙofar jami'a ba za ta buɗe masa ba, har da jami'ar kimiyya da fasaha wadda Gwamnatin Jihar Kebbi ta kafa a Aliero cikin 2006. Hukumar JAMB kuma, wadda aka kafa cikin 1978, ta wajabta wa kowa rubuta takardar Turanci, ko aikin likita yake nufin karantawa ko aikin gona. Ma'aikacin Gwamnati shi ma bai tsira ba, domin wasiƙarsa da rahotonsa da bayanin taron da zai rubuta wa shugabansa duk da Turanci ne, kuma sau da yawa da su ake auna hankalinsa tun ba a dubi aikinsa ba.

Wannan hali ba mai canjawa ba ne nan kusa. Sashe na 55 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce da Turanci za a gudanar da harkokin Majalisar Tarayya, sa'an nan da Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi tanadin da ya kamata. A watan Nuwamba 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar koyar da yaran firamare da harshen uwa har tsawon shekara shida, amma a watan Nuwamba 2025 Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar janye wannan manufa da tabbatar da Turanci a matsayin harshen koyarwa tun daga ƙasa. Ko mutum ya yarda da wannan shawara ko bai yarda ba, yaron Maiyama zai ci gaba da bukatar Turanci, zai kuma ci gaba da shiga aji da Hausa a bakinsa, wani ma har da Fulatanci. Saboda haka abin da ya kamata a duba shi ne yadda za a sa harshen da yaro ya zo da shi ya taimake shi wajen koyon wanda yake nema. Tambayoyin da masu koyo suke yi a kan nahawun Turanci da zaɓen kalmominsa suna da amsa, kuma mafi yawansu ba sa amsuwa sosai sai an biyo ta cikin Hausa.

INDA KUSKURE YAKE FITOWA

Duk malamin da ya daɗe yana duba takardun yara ya san cewa kurakuransu ba barkatai suke ba. Irinsu ɗaya ne daga wannan makaranta zuwa waccan, kuma kowanne yana da tushe. Alal misali, yaro yakan ce wa abokinsa "borrow me your pen", malam ya ja masa jan layi, ya rubuta "lend" a sama, ya wuce. Gobe yaron ya sake. Abin da ba a gaya masa ba shi ne harsunan biyu kowanne da inda ya sa iyaka. Bahaushe yana duba abin da aka bayar: idan shi kansa abin za a mayar, kamar garma ko keke, aro ne, idan madadinsa za a mayar, kamar kuɗi ko hatsi, rance ne. Amma daga tushe ɗaya yake cewa "ara mini" da "na aro", ko "ranta mini" da "na ranto". Bature bai damu da irin abin ba, hannu yake dubawa: mai bayarwa shi ke "lend", mai karɓa shi ke "borrow". Wannan bayani bai kai minti biyu ba da Hausa, kuma wanda ya ji shi sau ɗaya da wuya ya sake rikicewa.

Haka al'amarin yake ga kalmar "ji". Da ita Bahaushe yake jin magana, ya ji sanyi, ya ji wari, ya ji Larabci. Turanci ya rarraba wannan aiki tsakanin "hear" da "feel" da "smell" da "understand". Shi ya sa yaro yakan ce "I am hearing smell", ko "I do not hear English", alhali kunnensa lafiya lau. Kalmar "sha" ma haka: ana shan ruwa, ana shan magani ko da ƙwaya ce, ana shan taba, ana shan wuya. A Turanci ruwa ne kaɗai da makamantansa ake yi wa "drink", magani "take" ake yi masa, taba kuwa "smoke". Ɗalibin makarantar koyon aikin lafiya ta Jega wanda zai karɓi bayanin marar lafiya da Hausa ya rubuta shi a kati da Turanci, tilas ne ya san waɗannan rabe-rabe, domin likitan da zai karanta katin ba lalle ne ya kasance mai jin Hausa ba.

Batun lokaci ya fi waɗannan zurfi. Idan Bahaushe ya ce "na zo", abin da ya nuna shi ne aikin ya kammala, ko jiya ne ko yanzu. Turanci yana da siga biyu a nan, watau "I came" da "I have come", kuma ƙa'idarsa ita ce da zarar an ambaci lokacin da ya wuce, kamar jiya ko bara ko 1991, to ta farko ake ɗauka. Saboda haka "I have come yesterday" kuskure ne, ko da yake "na zo jiya" Hausa ce tsantsa. Bugu da ƙari, yaro ya koyi cewa "ina tafiya" ita ce "I am going", sai ya auna a kanta ya mayar da "ina da mota" ta koma "I am having a car". Ma'aunin nasa ba na wauta ba ne, tunani ya yi. Abin da ya rage a nuna masa shi ne cewa akwai wasu aikatau na Turanci masu nuna mallaka da sani da so, kamar "have" da "know" da "understand", waɗanda idan da wannan ma'ana aka zo da su ba sa karɓar sigar aikin da ake cikin yi.

Wajen jinsi, ɗan Hausa yana da sa'a ta wani gefe. Harshensa ya raba "ya" da "ta", saboda haka "he" da "she" ba baƙi ba ne gare shi, saɓanin masu wasu harsunan ƙasar nan waɗanda kalma ɗaya suke da ita ga mace da namiji. Har ma Hausa ta fi Turanci tantancewa, tun da tana da "kai" da "ke" da "ku" inda Turanci yake da "you" kaɗai. Inda gizo yake saƙa shi ne "it". A Hausa babu abin da ba shi da jinsi: rana ta faɗi, wata ya tsaya, mota ta lalace. Sai yaro ya kira mota "she", ya kira littafi "he". Wajen adadi ma akwai irin wannan saɓani. Hausa tana jam'inta shawara ta koma shawarwari, labari ya koma labarai, kaya su koma kayayyaki, shi ya sa "advices" da "informations" da "equipments" da "furnitures" suka cika takardun ofis, alhali Turanci bai yarda a ƙidaya waɗannan ba. A ɗaya gefen kuma manomin Aliero yakan ce "buhun albasa" ba tare da ya jam'inta ta ba, amma Bature sai ya ce "a bag of onions".

Akwai wani kuskure ƙarami a ido, babba a sakamako. Idan aka tambayi Bahaushe "ba ka biya ba?" ya ce "i", ma'anarsa ita ce haka ne, bai biya ba. Idan aka yi wannan tambaya da Turanci ya amsa da "yes", to ya ce ya biya ke nan. Wanda ya taɓa zama a kotu ko a gaban kwamitin bincike ya san abin da kalma ɗaya irin wannan take iya jawowa. Ƙaramar kalmar nan "a" ita ma tana da nata rikici, domin ita kaɗai take ɗaukar aikin "in" da "on" da "at". Furuci kuma yana shiga cikin rubutu. Hausa ba ta raba "p" da "f" ba, balle a ƙasar Sakkwato da Kabi inda ake cewa "hwari" maimakon "fari". Ba ta da "v", ba ta da sautin "th". Don haka "full" da "pull" sukan zama abu ɗaya a kunnen yaro, haka "vote" da "boat", haka "think" da "sink", kuma abin da kunne bai raba ba alƙalami ba zai raba ba.

DARASI DAGA ZAURE

Abin mamaki shi ne ƙasar da ake fama da wannan matsala a cikinta ita ce ƙasar da ta daɗe da sanin maganinta. Jega da Aliero da Maiyama duk suna cikin masarautar Gwandu, watau ƙasar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya bar littattafai masu yawa da Larabci, cikinsu har da Al-Bahrul Muhiɗ a fannin nahawu da Al-Hisnur Rasin a fannin sarfu. Larabci ba harshen uwarsa ba ne, haka ma almajiran da suka biyo bayansa. Duk da haka zaurukan ƙasar nan sun fitar da malamai waɗanda suka yi wa'azi da hukunci da wasiƙa da waƙa cikin Larabci ingantacce, ba tare da yawancinsu sun taɓa zama a ƙasar Larabawa ba.

Hanyar da suka bi sananniya ce, kuma har yau ana binta. Almajiri ya karanto jimla daga Ajurumiyya ko Alfiyyar Ibn Malik, malam ya fassara masa kalma bayan kalma da Hausa ko Fulatanci, ya nuna masa wanda ya aikata da wanda aka aikata wa, ya gaya masa dalilin da ya sa wannan kalma ta ɗauki rufu'a waccan ta ɗauki fataha. Ba a taɓa jin malamin zaure ya ci almajiri tara don ya yi tambaya da Hausa ba. Harshen gida shi ne tsanin da ake takawa a kai ga baƙon harshe, kuma Hausawa sun riga sun faɗa, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

A makarantun boko kuwa sai aka ɗauki wata al'ada dabam. An daɗe ana kiran harshen yaro "vernacular", a naɗa wani ɗan aji ya riƙa rubuta sunan duk wanda ya furta shi, a ci shi tara ko a ba shi aikin horo. Niyyar da aka yi abin da ita mai kyau ce, watau a tilasta wa yara yin magana da Turanci. Amma abin da yakan biyo baya shi ne shiru. Yaron da bai gane ba, kuma ba shi da Turancin da zai faɗi abin da bai gane ba, sai ya ja bakinsa, ya kwafe abin da ke kan allo, ya haddace. An ce matambayi ba ya ɓata, to amma wanda aka hana wa bakin tambaya fa?

Ba zaure kaɗai ne shaida ba. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara wani gwaji inda aka koyar da wasu yaran firamare dukkan darussa da Yarbanci shekara shida, aka bar Turanci ya zama darasi mai zaman kansa a hannun ƙwararrun malamai. Da aka kwatanta su da waɗanda aka juya musu zuwa Turanci tun da wuri, ba a same su a baya ba, ko a Turancin kansa. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ita ma ta yarda da amfani da harshen uwa a shekarun farko na firamare. Janye manufar 2022 ya shafi harshen da za a koyar da darussa ne. Bai kamata wani shugaban makaranta ya fahimce shi a kan an haramta wa malamin Turanci yin bayanin minti biyu da Hausa ba.

Masu saɓanin ra'ayi suna da hujja wadda ya kamata a saurara. Sukan ce yaron ƙauye ba ya jin Turanci a gida, ba ya ji a kasuwa, ba ya ji a masallaci. Aji ne kaɗai wurin da ya rage masa, idan kuwa aka shigar da Hausa nan ma, to ina zai ji shi? Sukan ƙara da cewa an ga makarantu inda malami yake karanta darasi da Turanci ya ƙarasa sauran lokacin da hira cikin Hausa, yara su gama aji shida ba su iya haɗa jimla ba. Wannan gaskiya ne, kuma ɓarna ce babba. Sai dai maganinta shi ne a san gwargwado. Harshe ba ya zama a baki sai da yawan ji da faɗi da karatu da rubutu, saboda haka mafi yawan lokacin darasi na Turanci ne. Aikin Hausa shi ne warware ƙulli a inda ya ɗaure, sa'an nan a koma Turanci a maimaita ƙa'idar cikin jimla goma ko ashirin har ta zauna. Malamin da yake fakewa da Hausa don shi kansa bai iya Turancin ba, matsalarsa dabam ce, kuma horo ne maganinta.

WANE TURANCI NE DAIDAI?

Tambaya ta biyu da take damun masu koyo ita ce ta zaɓen kalma. Ɗalibi yana jin manya, har da masu digiri, suna cewa "next tomorrow" da "severally" da "barbing salon", sai malam ya ce masa duk kuskure ne. To wa zai bi? A watan Janairu 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi da maganganu 29 na Turancin Nijeriya, cikinsu har da waɗannan uku, da "okada" da "Kannywood". A watan Janairu 2025 ya ƙara wasu, har da "suya" da "japa". Wannan ya nuna cewa Turancin ƙasar nan ya sami gurbi a duniya, kamar yadda na Amurka da na Indiya suka samu. Ba abin kunya ba ne a ce mutanen da suke da "jibi" da "gata" da "citta" a harshensu sun ga Turanci ya gaza, sun ƙirƙira masa abin da zai cike giɓin.

Amma fa ƙamus rajista ce ta abin da mutane suke faɗa. Shigar kalma cikinsa bai mayar da ita ta dace da kowane wuri ba, kuma bai ɗaure mai duba takardar WAEC ko NECO ba. Kalmar "severally" ta isa misali. A Nijeriya ana nufin "sau da yawa" da ita, amma a harshen shari'a ma'anarta "kowa a kan kansa". Sakataren ƙungiyar manoma wanda ya sa hannu a yarjejeniyar da ta ce mambobi suna ɗauke da bashi "jointly and severally" ya yarda ke nan a bi su gaba ɗaya, a kuma iya bin kowane ɗaya daga cikinsu dukkan kuɗin.

Saboda haka ya kamata malami ya koya wa ɗalibi raba kurakurai gida uku. Na farko su ne masu juya ma'ana, kamar "lend" da "borrow", ko "yes" a wurin "no". Waɗannan su ne masu haɗari, su za a fara yaƙa. Na biyu su ne waɗanda ake gane nufin mai magana amma sun karya ƙa'ida, kamar "informations" da "discuss about" da "he have". Waɗannan suna cin maki a jarrabawa, suna kuma rage wa takardar ofis kwarjini. Na uku su ne kalmomin gida waɗanda ba kuskure ba ne a tsakanin 'yan ƙasa, sai dai a san inda za a yi amfani da su. Babbar riga da kayan gona duk tufafi ne, amma kowanne da wurinsa. Malamin da ya haɗa ukun nan ya yi musu jan layi iri ɗaya, ya bar yaro cikin duhu game da wanda ya fi muhimmanci.

TURANCIN OFIS

Ma'aikatan sakatariyar ƙananan hukumomi da na ma'aikatu suna da tasu cuta, wadda ta bambanta da ta 'yan makaranta. Ita ce son manyan kalmomi. An gaji wani salo tun zamanin En'e da Razdan, inda wasiƙa ba ta cika sai ta yi layi uku ba a kai ga maganar ba. Wani yakan buɗe ƙamus ya zaɓo kalma mafi tsawo, yana zaton ita ce mafi girma, alhali ko ma'anarta bai tabbatar ba. Takardar Gwamnati ana rubuta ta ne domin wani ya karanta ya aikata. Idan hakimi ko shugaban makaranta ko ma'aikacin gona ya karanta sau uku bai san abin da ake so ya yi ba, to takardar ta faɗi, kome ƙawarta.

Kalmomin da suke da nauyi a aikin Gwamnati yawancinsu gajeru ne. "Shall" a cikin doka tilas take nunawa, "may" kuwa zaɓi; wanda ya musanya su ya mayar da wajibi ganin dama. "Loan" rance ne, "grant" kyauta ce. A watan Nuwamba 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Babban Bankin Nijeriya na ba manoma rance a Birnin Kebbi, kuma sunan shirin kansa yana ɗauke da kalmar "borrowers", watau masu karɓar rance. Daga baya an yi ta kokawa a sassan ƙasar nan a kan rashin biyan bashin. Dalilan haka suna da yawa, amma darasi ɗaya a fili yake: duk takardar da manomin shinkafa ko na albasa zai dangwala wa hannu, wajibi ne ma'aikacin da ya kawo ta ya san ma'anar kowace kalma a cikinta, ya kuma iya faɗa masa ita da Hausa ba tare da ragi ba. A asibiti ma haka, tsakanin "twice a day" da "every two days" akwai ran mutum.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Da farko, Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Kebbi ta haɗa malaman Turanci da na Hausa na jami'o'in jihar da na kwalejin horon malamai ta Argungu, su tattara kurakuran da suka fi yawa a takardun yaran jihar, su fitar da ɗan littafi mai bayani da Hausa da misalai da Turanci. Ba sai an fara daga tushe ba. Tun 1934 Bargery ya fitar da ƙamusunsa, Abraham ya biyo baya a 1949, Neil Skinner ya yi na Turanci da Hausa a 1965, Roxana Ma Newman ta fitar da nata a 1990. Aikin yana nan a ɗakunan karatu na jami'o'i, abin da ya rage shi ne a sauko da shi zuwa ajin ƙauye. Irin wannan littafi zai fi amfani ga matasa masu yi wa ƙasa hidima waɗanda ake turowa daga Kudu, domin sun iya Turanci amma ba su san ta inda kuskuren yaron Hausa yake ɓullowa ba.

Na biyu, a daina cin yara tara a kan harshensu. A maimakon haka a keɓe lokacin muhawara da karatu a fili da wasan kwaikwayo cikin Turanci, inda yaro zai yi kuskure a gyara masa ba tare da an yi masa dariya ba. Na uku, a mayar da rubutu wajibi. Jarrabawar WAEC tana neman yaro ya rubuta insha'i ko wasiƙa mai tsawo, ya karanta ya fahimta, ya kuma taƙaita. Yaron da bai taɓa rubuta shafi guda malam ya duba masa ba, ba zai fara ranar jarrabawa ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan kuwa yana bukatar a rage cunkoson aji, a ƙara malamai, a biya su a kan kari, tun da mutum ɗaya ba zai iya duba rubutun yara ɗari duk mako ba. Gaggawar da aka yi wajen samar da malamai lokacin shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ta isa ta zama gargaɗi.

Na huɗu, gidan rediyon jiha ya ba da fili na mako-mako inda masu sauraro za su aiko da tambayoyinsu a kan Turanci a amsa musu da Hausa. Ɗan kasuwar Jega da direba da matar aure mai neman komawa makaranta duk za su amfana. Na biyar, jami'ar Aliero da sauran manyan makarantu su ɗauki darasin Turanci na shekarar farko da muhimmanci, su gina shi a kan irin rubutun da injiniya da malamin gona da ma'aikacin lafiya za su yi a bakin aiki. Ofishin shugaban ma'aikata shi ma ya shirya wa ma'aikata kwas na rubuta gajeriyar wasiƙa mai ma'ana, a kuma riƙa fassara muhimman sanarwoyi zuwa Hausa mai kyau.

Su kuma ɗalibai da ƙananan ma'aikata, kada su jira sai Gwamnati ta motsa. Kowa ya sami ɗan littafi ya riƙa rubuta kuskuren da aka gyara masa, da dalilin gyaran, da yadda Hausa take faɗin abin. Ya karanta littafi ko jarida kullum, ko shafi ɗaya ne. Idan ya buɗe ƙamus kada ya tsaya a ma'ana, ya dubi misalin da aka bayar, domin a nan ne ake ganin kalmomin da suke tafiya tare. Kada kuma ya raina Hausarsa, don wanda bai san aikatau da suna a harshensa ba zai sha wuya kafin ya gane su a harshen wani. Maƙwabtan Jihar Kebbi na Jamhuriyar Nijar, cikin 2025, sun ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, suka bar Faransanci da Turanci a matsayin harsunan aiki. Wanda ya riƙe harsunan nan biyu da kyau, kasuwarsa ta wuce iyakar jiha.

Ƙasar da ta iya koya wa 'ya'yanta nahawun Larabci a kan buzu, da allo da fitilar aci-bal-bal, ba ta da hujjar kasawa a kan Turanci yanzu da take da jami'a a tsakiyarta. Hukumomin ilmi da malamai da iyaye kowa ya san nasa aikin. Allah ya sa a gyara tun icce yana ɗanye, amin.